Sojoji Biyu a Gaban Jirgi

Jirgin da soja ke tuƙawa ba ya faɗuwa. Mutumin da aka taɓa harbo wa makami a sama, ya goce, ya dawo gida ya ci abincin rana, babu wani sabon abu da hadari ko iska za su nuna masa. Saboda haka idan soja ɗaya ne a gaban jirgi, fasinja ya kwantar da hankalinsa. Idan biyu ne, ya miƙe ƙafa ya yi barci.

Wannan ita ce aƙidar Darakta, shugaban kamfanin jiragen. Ya faɗe ta a taron ma'aikata, ya faɗe ta a rediyo, ya faɗe ta a wurin ta'aziyyar wani makanike inda babu wanda ya tambaye shi. Shi kansa bai taɓa shiga soja ba, an ce tsawo ne ya gaza, kuma bai taɓa tuƙa abin da ya fi motarsa girma ba. Wannan bai rage masa yaƙini ba ko kaɗan.

Mutumin da maganar ta fi ci wa rai shi ne Alƙali. Ba alƙalin kotu ba ne. Matuƙi ne farar hula, wanda ya fara da ƙananan jiragen ɗaukar kaya, ya yi furfura a jiragen fasinja, sannan aka zaunar da shi a Akwati. Akwati ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe a bayan garejin jirage, an yi cikinsa tamkar gaban jirgi, yana girgiza yana karkata kamar gaske. Duk matuƙin kamfanin sai ya shiga lokaci-lokaci a gwada shi. Alƙali yakan zauna a kujerar baya da maɓallansa, ya kashe musu inji, ya sako musu ruwan sama, ya kunna musu gobara, sannan ya yanke hukunci. Daga nan sunan ya samo asali, kuma ba don ƙauna aka raɗa masa shi ba.

Shi ma yana da tasa aƙidar, ba ta kuma gaza ta Darakta cika baki ba. Yakan ce soja ya saba da kujerar da ke cilla shi waje idan abu ya ɓaci, fasinja kuwa tikiti kawai aka sayar musu. Soja an koya masa cika aiki ko ana ha-maza-ha-mata. Farar hula an koya masa fasawa, kuma fasawa ita ce rabin tuƙin jirgi. A ɗakin shayin matuƙa, inda butar lantarki ba ta tafasa sai an danne murfinta da cokali, ya yi shekara da shekaru yana wannan wa'azi ba tare da ya musuluntar da kowa ba.

Babban abokin gardamarsa shi ne Kwamanda, tsohon shugaban wata rundunar jiragen yaƙi, wanda ya ajiye kaki ya zo kamfanin da muƙaminsa a baki.

"Alƙali, yau wa aka kashe a Akwati?" in ji Kwamanda, yana zuba sukari. "Kai fa ka fi kowa yawan faɗuwa da jirgi a duniya, kuma ko ƙwarzane babu a jikinka."

"Ni ina kashe su a ciki don kada ku kashe su a waje."

"Ji farar hula! Ku da girgije ya yi muku kallon banza sai ku juya gida."

"Mu kan isa gidan dai."

"Ni ma ga ni."

Abin haushin shi ne Kwamanda ya iya tuƙi. Alƙali ya san haka, ya kuma tsani sanin. Mutumin yana ajiye jirgi a ƙasa kamar yadda ake ajiye jariri mai barci.

Na ukunsu ba ya shiga gardamar. Yakan zauna a gefen Kwamanda da kofinsa, ya yi murmushi idan an yi dariya. Sunan da aka sa masa tun a bariki shi ne Inuwa, saboda shekarun da ya yi yana tashi a gefen fiffiken Kwamanda. Aikin mai tashi a gefe ba irin na kowa ba ne. Jirage biyu na gudu kusa da juna har kamar za su taɓa, don haka na gefe ba ya duban agogunan jirginsa, ba ya duban ƙasa. Fiffiken jagoransa kawai yake kallo. Jagora ya karkata, ya karkata. Jagora ya nutsa, ya nutsa. Ranar da ya ɗauke ido don ya yi tunanin kansa, ranar za su yi karo. An ce a duk rundunar babu wanda ya kai Inuwa iya wannan.

Inuwa kuma mijin ƙanwar matar Alƙali ne, yana kiransa Yaya. Ya daɗe a kujerar dama, ta mataimaki, kuma saura ƙiris a mai da shi kujerar hagu ya zama kyaftin. Matarsa ta riga ta gaya wa maƙwabta, wanda a wurinta daidai yake da an riga an yi.

A jirgin fasinja doka ɗaya ce Alƙali ke cusa wa kowa kamar magani. Mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na sa ido a kan agogunan da ke nuna gudu da tsayi. Idan an zo sauka, mai sa ido ya ga gudu ya yi yawa ko jirgi ya yi sama da yawa, sai ya ɗaga murya ya ce a fasa, ko da shi ne ƙarami, ko da kakansa ne ke tuƙin. Idan an ƙi ji, ya karɓe sitiyari ya tura totur ya ƙara wa inji wuta, a sake zagayowa. Ba a neman izini.

Darakta ne ya ga cewa ɓarna ce a raba sojoji biyu a jirage biyu. Kamfanin zai buɗe sabuwar hanya, kuma yana son hoton Kwamanda da Inuwa a allon talla, kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya rage kawai su shiga Akwati tare, Alƙali ya amince da haɗin.

Suka shiga da hantsi. Alƙali ya bar su suka tashi lafiya, suka yi tafiya lafiya. Da suka zo sauka sai ya jiƙa musu titin sauka da ruwa, ya juyo musu da iska ta baya. Jirgin ya taho sama da yadda ya kamata, da gudu fiye da yadda ya kamata. Ko ɗalibi ya san nan wurin fasawa ne.

Alƙali bai kalli Kwamanda ba, ya san abin da zai yi. Inuwa ya kalla. Idon Inuwa ba ya kan agoguna. Yana kan hannun Kwamanda na dama, wanda ke riƙe da totur. Kansa ma ya ɗan karkata yadda hannun ya karkata. Bakinsa ya buɗe sau ɗaya, ya rufe.

Kwamanda ya dangwarar da jirgin a tsakiyar titi, ya taka birki, suka tsaya daf da ƙarshe. Ya juyo yana dariya.

"Sai kuma me, Alƙali? Babu girgizar ƙasa a maɓallan naka?"

Alƙali ya san abin da aikinsa ya ce. Ba sai ya kayar da kowa ba. Zai ce kawai waɗannan biyun ba za su zauna tare ba, Inuwa kuma ya dawo Akwati da wani kyaftin har sai bakinsa ya koyi buɗewa. Amma hakan na nufin a ɗage ƙarin girman Inuwa, shi Alƙali kuma ya koma gida ya yi wa matarsa bayanin abin da ya yi wa mijin ƙanwarta. Yana nufin Darakta ya tsaya a taro ya ce hassadar farar hula ce. Waɗannan su ne dalilan da Alƙali ya ba kansa, kuma dalilai ne masu kyan gani. A ƙarƙashinsu akwai wani ƙarami da bai kalla ba. Wata murya ce ta ce masa: ƙyale su. Wata rana taya za ta fashe musu a gaban jama'a, a ga ƙarshen cika baki.

"Madalla," in ji Alƙali. "Sai dai a riƙa lura da gudu."

"To, Yaya," in ji Inuwa.

Hoton ya fito da kyau a allon talla. Har Inuwa ya yi kama da mutumin da ke da ra'ayi.

Bayan 'yan watanni, da la'asar, Alƙali na ɗakin shayi yana danne murfin buta da cokali, ruwa na zuba a waje kamar da bakin ƙwarya, sai ya ji jiniyar motocin kashe gobara. Wani ma'aikaci ya leƙo a guje ya ce jirgin Kwamanda ne, ya zarce ƙarshen titi.

Abin da Alƙali ya fara ji ba tsoro ba ne. Tsoron ya zo, ya kuma zo da ƙarfi. Amma kafin shi, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, wani abu mai zaƙi ya ratsa ƙirjinsa, irin wanda mutum kan ji idan hasashensa ya tabbata. Ya ajiye cokalin. Daga ranar shayin ɗakin bai sake yi masa daɗi ba.

Babu wanda ya mutu. Jirgin ya keta ciyawa, ya kafa hanci a taɓo, tayar gaba ta karye. Fasinjoji suka sulalo ta ƙofofin gaggawa, wasu rungume da jakunkunan da aka ce su bari. Wata ma'aikaciyar cikin jirgi ta karye a hannu. Wani dattijo ya rasa haƙoran roba, ya kuma fi kowa ɗaga murya duk da haka.

Washegari Darakta ya shiga rediyo. Ya ce jirgin bai faɗi ba, zamewa ya yi. Ya ce jama'a su yi tunanin abin da zai faru da a ce ba sojoji ne a gaba ba.

Hukumar kula da jiragen sama ta turo Mai Bincike, wata mata mai tabarau da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma dariyar barkwancin manya. Kowa a kamfanin ya san hanyoyi biyu ne. Idan aka gano sashen horo ya ga alamar matsalar ya yi shiru, laifin ya zama na kamfani: Inuwa ya koma horo ya dawo aiki, Alƙali kuwa ya sauka daga kujerar Akwati. Idan ba a gano komai ba, laifin ya tsaya a kan wanda doka ta ce ya yi magana bai yi ba.

Da safen ranar zaman binciken, matar Alƙali ta ajiye masa burodi da ƙwai, ta tsaya a kansa.

"Abbansu, ƙanwar nan tawa ko abinci ba ta iya ci. Kai ne fa mai gwada su. Maganarka za a ji."

"Ai ba ni ne hukuma ba."

"Ban ce kai ne ba. Gaskiya kawai za ka faɗa, ka ce mijinta yaron kirki ne, ka ga aikinsa da idonka."

"Na gani," in ji Alƙali, ya ture farantin.

An yi zaman a ɗakin taro na sama, wanda na'urar sanyaya shi ke ɗiga cikin bokiti. Mai Bincike ta kunna maganar da na'urar jirgin ta naɗa. Aka ji ruwa na dukan gilashi. Aka ji muryar Inuwa, a hankali, kamar mai tayar da babba daga barci.

"Yallaɓai, gudu."

"Na gani. Riƙe wurinka."

"To, Yallaɓai."

Daga nan sai ƙarar birki, sai wani dogon gurnani, sai salati.

"Mene ne riƙe wurinka?" in ji Mai Bincike. "Babu shi a littafin kamfani."

Kwamanda ya gyara zama. Ya ce magana ce ta can bariki, abin da jagora ke gaya wa na gefensa. Ya ce baki ne ya saba. A karon farko tun da Alƙali ya san shi, muryarsa ba ta cika ɗaki ba.

Sannan ta juyo kan Alƙali.

"Kyaftin, kai ka amince da haɗa su. Ka ga wata alamar haka a wurin gwaji?"

Alƙali ya miƙe, ko da yake ba a ce ya miƙe ba. Ya yi bayanin bambancin horon soja da na farar hula. Ya kawo maganar kujerar da ke cilla mutum waje. Ya nuna yadda bariki ke koya wa ƙarami biyayya, yadda jirgin fasinja ke buƙatar ƙarami mai taurin kai. Ya ce mutum na iya yin shekaru a sama ya tara jarumta ba tare da ya tara hankalin fasawa ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma bai taɓa tsara shi da kyau irin na ranar ba. Darakta ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Gardamar shekara da shekaru ta ƙare a ɗakin nan, Alƙali ne ya ci.

Mai Bincike ta jira ya gama.

"Na gode da laccar. Amma tambayata ƙarama ce. Ka gani, ko ba ka gani ba?"

Ruwa ya ɗiga a bokiti. Alƙali bai kalli ɓangaren da Inuwa ke zaune ba.

"Ranar gwajin sun tsayar da jirgin a cikin titi," in ji shi. "Na ja hankalinsu a kan gudu."

Wannan ma gaskiya ne.

Ta dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ta juya ga Inuwa. Ta tambaye shi ko a horonsa akwai inda aka ga yana jinkirin magana aka ƙyale shi.

Inuwa ya miƙe tsaye, hannuwa a gefe.

"Ranki ya daɗe, malamaina sun koya mini doka yadda take. Na san abin da ya kamata in faɗa. Ni ne ban faɗa ba."

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Aka tura Kwamanda wani ɗan kwas na zaman lafiya da abokan aiki, ya dawo da takardar shaida mai kyau. Tun da ba a so ya koma sama nan da nan, kuma ba a so ya zauna haka, sai Darakta ya naɗa shi shugaban sashen kiyaye haɗurra, bisa hujjar cewa yanzu babu wanda ya fi shi gogewa. Alƙali ya ci gaba da zama a Akwati, matasan matuƙa na nuna shi da baki a matsayin mutumin da ya faɗa wa sojoji gaskiya. Inuwa kuwa hukuma ta dakatar da lasisinsa, kamfani ya gode masa bisa hidimarsa. Aka sauke allon talla, aka sa hoton kujeru.

Alƙali ya yi ta ɗage zuwa gidan Inuwa. Ranar da ya je, da rana tsaka, ƙanwar matarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta rame, amma bakinta na nan.

"Oh, yau Yaya an tuna da talakawa? Shigo, kada ka tsaya kamar mai karɓar kuɗin wuta. An ce ka yi wa su Kwamanda wankin babban bargo a wurin zaman. Allah ya saka. Ko ba komai wani ya tsaya mana."

Alƙali ya ce amin.

Inuwa na baranda ta baya, a kan tabarma, kusa da injin wanki da kekunan yara. Fararen rigunan aikinsa na jibge a gefe. Yana riƙe da reza, yana warware ɗinkin 'yan madaurin kafaɗa inda ake soka igiyoyin muƙami. Ya yunƙura zai miƙe.

"Zauna, zauna," in ji Alƙali, ya zauna a kan wani bokiti da aka kife. "Me ake yi haka?"

"Na sami wuri a makarantar koyon mota ta bakin kasuwa. Sun ce farar riga ake sawa. Na ga waɗannan da sauransu, kafaɗar ce kawai za ta sa a yi ta tambaya."

"Koyon mota."

"Akwai birki a ɓangaren malami, Yaya. An ce in na ga abu in taka kawai." Ya yi ɗan murmushi. "Za mu gani."

Alƙali ya kalli hannunsa. Ya shirya maganar tun a mota, ya maimaita ta a kowace danja.

"Inuwa, ranar nan a Akwati..."

"Na sani, Yaya."

"Ba ka san me zan ce ba."

"Gilashin Akwati yana nuna na baya idan hoton hadari ya yi duhu. Na ga kana kallona. Na ɗauka za ka yi magana bayan mun fito." Ya ja zare ɗaya, ya hure shi. "Da ba ka yi ba, sai na ce ƙila ba wani abu ba ne. Kai ne babba."

Injin wanki ya tsaya, ya sake tashi.

"To me ya hana ka gaya wa Mai Bincike?"

"In gaya mata, a sauke ka, gidanka ya shiga uku don nawa ya tsira? Kuma ai ni ne a kujerar. Hannuna na nan, totur na nan. Ba kai ka riƙe mini shi ba."

"Zan iya komawa wurinta. Har yanzu ana iya..."

Inuwa ya ɗago ya dube shi, ba da fushi ba, yana jira ya ji ƙarshen maganar. Alƙali ya mayar da idonsa kan rigunan. Daga cikin gida ƙanwar ta ɗaga murya tana tambaya ko Yaya na shan sukari har yanzu, ko Yayarta ta hana.

"Ki sa masa kaɗan," in ji Inuwa.

Ya ɗaga rigar ga haske ya duba. Inda madaurin ya fita an bar 'yan ramukan allura a jere, da wani layi da ya fi sauran rigar fari. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce in an wanke zai ɓace. Ya ninke ta ya ajiye a dama, ya ɗauko ta gaba.